Daƙiƙa Goma da Ɗigo Bakwai

A gidan kallon Ɗanlami, bayan gadar Kawo,
janareto na tari, yara sun cika benci,
aka nuno wani ɗan Jamaika zai rataye takalmi.
Ya durƙusa, ya shafi farin layi da tafin hannu
kamar mai sallama da kabarin uba.
Yara suka ce a mayar musu da ƙwallo.
Ni na yi shiru, gwiwata ce ke magana.

Ɗan'uwa, ban san garinku ba.
An ce teku ta kewaye ku ta ko'ina.
Mu namu ruwan kogin Kaduna ne, ja wur da damina,
rani ya zo ya bar duwatsu tsirara.
Amma na san abin da ka sani:
shirun nan tsakanin "ku shirya" da tashin bindiga,
inda mutum ke jin jininsa na tafiya a kunne.

Ni ne Gambo na masaƙar Kakuri.
Da safe zare, da yamma fili.
Koci Bulus Kazah, usur a wuya, goro a kunci,
ya ce kada in ɗaga kai sai na ci taku talatin.
Takalmin ƙusa ɗaya muke karɓa-karɓa mu uku,
ni da Yohanna da Sule Dogo.
Wanda ya gama ya cire, ya miƙa da ɗuminsa.

Daƙiƙa goma da ɗigo bakwai.
Iyakar dukiyata ke nan.
Ranar, 'yan masaƙa suka ɗauke ni a kafaɗa
daga bakin fili har titi,
aka ba ni kofi, da fanka, da atamfa turmi biyu.
Fankar ta mutu shekarar da aka rufe masaƙa.
Atamfar ta goya 'ya'ya huɗu, ta koma tsumma.
Kofin yana nan, Asabe na zuba maɓallai a ciki.

A Zariya abin ya ƙare.
Mita sittin, ina gaba, iska na ba ni hanya,
sai na ji tas! a bayan cinya.
Ban tambayi kowa ba.
Wanda ya shekara tara gaban injin saƙa
ya san ƙarar zare in ya tsinke.

Na taɓa yin lissafi a bayan rasit:
duk tseren da na yi a duniya, in an haɗa,
bai isa a dafa shinkafa ba.
Shekara goma sha ɗaya ina riga ladan tashi
saboda minti ashirin da 'yan kai.
Kai ma tara naka, da zinaren da tutar da tafin,
ka gani ko za su kai ka Sabon Tasha daga Kawo
ranar da hanya ta cushe.

Yanzu tsohon ƙarfe nake aunawa a Panteka.
Masu saye na ce min Baba, a ba ni kujera.
Ba wanda ya san ƙafar nan da nake ja
ta taɓa sa mutum dubu miƙewa tsaye.
Ban faɗa ba. Wa zai saya?

Sai shekaranjiya, Kande 'yar mai shayi,
wani ya manta canjinsa ya hau Keke,
ta bi shi ba takalmi, tsakanin tayoyi da kwata.
Bakina ya fara ƙirga da kansa.
Kafin in kai sha uku ta kama ƙarfen Keken,
ta dawo tana dariya, ko haki babu.

Tana ɗaga kai da wuri.
Hannun hagunta na yawo.
Daren nan na jawo akwati daga ƙarƙashin gado,
takalmin na nan, ƙusa biyu sun zube,
fatar ta bushe kamar kilishi.
Asabe ta ce, "Me kuma za ka tayar?"
Na ce miƙo min man gyaɗa.

Kai da ka shafi layi ka tafi,
ban san me za ka yi da safiyarka ba gobe.
Ni dai zan je wurin mai shayi
in tambaye shi lambar ƙafar 'yarsa.